Aljanu, Dodanni da Gaskiyar Rayuwa: Littattafan da Suka Haɗa Tatsuniya da Zahiri

(Kiɗan buɗe shiri)

  Yau za mu duba wani nau'in ƙagaggen labari da ya karaɗe duniya, wato littattafan da ake ɗauko aljani da dodo da fatalwa da jaruman dauri daga tatsuniya da tarihihi, a zaunar da su cikin rayuwa irin tamu, su shiga kasuwa, su hau mota, su ga yaƙin neman zaɓe. Wasu na ɗaukar irin wannan rubutu shirme ne na ɓata lokaci. Ni kuwa abin da nake so in nuna muku a yau shi ne, idan marubuci ya san tushen abin da yake ɗaukowa, da shi yake iya faɗar gaskiyar da ta fi ƙarfin rahoton jarida.

Bari mu fara da rarrabe abubuwa uku, don kada su cuɗe mana.

Na farko ita ce tatsuniya. Da zarar an ce ga ta nan ga ta nanku, yaro da babba kowa ya san an fita daga duniyarmu an shiga ta Gizo da Ƙoƙi, inda kura ke magana, dodo ke auren budurwa. Ba wanda zai tambayi shekarar da abin ya faru.

Na biyu shi ne almarar da marubuci ke ƙera wata duniya tasa, da sarakunanta da tsaunukanta da ƙa'idojin sihirinta. Mai karatu ya san ba a taswira za a samu wannan ƙasa ba.

Na uku, wanda ya fi ɗaukar hankalinmu yau, shi ne al'ajabi cikin zahiri. A nan gari sananne ne, shekara sananniya ce, talauci da haraji da soja duk na gaske ne. Sai dai a tsakiyar wannan rayuwa abin mamaki zai auku, mutanen cikin labarin kuma ba za su firgita ba, za su karɓe shi kamar saukar ruwan damina. Littattafan da suka fi armashi a yau su ne waɗanda suka tsaya tsakanin na biyu da na uku, suna shan ruwa daga rijiyar na farko.

Wanda ya fi kowa fito da wannan salo a idon duniya shi ne Gabriel García Márquez, ɗan ƙasar Kolombiya, wanda aka haifa a garin Aracataca a 1927. A hannun kakanninsa na wajen uwa ya tashi. Kakan tsohon kanar ne da ya ga yaƙin basasa, yana ba shi labarin fagen fama. Kakar kuwa labarin fatalwa da mafarki da ishara take ba shi, fuskarta ko gezau, ba ta nuna alamar wasa take yi. Shi da bakinsa ya sha faɗa cewa muryar wannan tsohuwa ya ara ya rubuta littafinsa na 1967, wanda za mu iya kira Shekara Ɗari na Kaɗaici. Littafin ya bi zuriyar gidan Buendía har hawa bakwai a wani gari mai suna Macondo. A cikinsa wata kyakkyawar budurwa tana cikin naɗe zannuwan gado sai iska ta ɗaga ta sama, ba a sake ganin ta ba. An yi annobar rashin barci da ta sa mutane suka manta sunayen abubuwa, har sai da suka riƙa rubuta suna suna liƙa wa saniya da kujera. An yi ruwan sama na kusan shekara 5 ba ɗaukewa.

To, ina gaskiyar take a nan? Ku biyo ni. A watan Disamba na 1928 ma'aikatan gonakin ayaba na kamfanin United Fruit na Amurka suna yajin aiki a garin Ciénaga, sojojin Kolombiya suka buɗe musu wuta. Har yau ba a daidaita a kan yawan waɗanda suka mutu ba, domin hukuma ta rufe maganar. Márquez ya ɗauki wannan ta'asa ya sa a littafinsa. A can an kashe mutum sama da 3,000, aka loda gawarwakin a jirgin ƙasa aka nufi teku da su. Wanda ya tsira ya dawo gari yana ba da labari, kowa ya ce masa ba abin da ya faru. Kun ga ashe annobar mantuwar nan ba wasa ba ce. Ita ce hoton al'ummar da ake shafe mata tarihi da ƙarfin mulki. A 1982 aka ba shi kyautar Nobel ta adabi.

A Amurka ma, Toni Morrison ta bi wannan hanya. A 1856 wata baiwa mai suna Margaret Garner ta gudu daga jihar Kentucky da 'ya'yanta, ta tsallake kogin Ohio. Da masu farautar bayi suka cim mata, sai ta kashe ƙaramar 'yarta don kada a mayar da ita bauta. Wane alƙalami ne zai iya ɗaukar nauyin wannan? A littafinta Beloved na 1987, Morrison ta sa kurwar yarinyar ta addabi gidan uwarta shekara da shekaru, daga baya ta bayyana a siffar budurwa ta zauna da su. Abin da Morrison ke cewa shi ne, bauta ba ta ƙare ranar da aka soke ta a takarda ba. Tana nan zaune a cikin gida, tana ci tare da mutanen gidan.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, mu dawo gida Najeriya, domin ba daga ƙetare aka koya mana wannan sana'a ba. Tun 1938 D. O. Fagunwa ya fitar da littafinsa na Yarbanci a kan wani jarumin maharbi da ya kutsa dajin iskoki, wanda Wole Soyinka ya mayar da shi Turanci a 1968. Sai Amos Tutuola, mutumin Abeokuta, wanda karatun bokonsa bai yi nisa ba. A 1952 aka buga masa The Palm-Wine Drinkard a Landan, labarin wani mashayin bammi da mai sauko masa da bammin ya faɗo daga bishiya ya mutu, shi kuwa ya ɗaura niyyar bin sa har garin matattu ya dawo da shi. Turawa suka yi ta yabo, wasu 'yan bokon Najeriya na lokacin kuwa suka ji kunyar irin Turancinsa. Yau an fassara littafin zuwa harsuna da dama, masu jin kunyar kuma ba a tuna su.

Amma wanda nake so mu daɗe a kansa shi ne Ben Okri, wanda aka haifa a Minna a 1959. Littafinsa The Famished Road ya fito a 1991, ya kuma ci kyautar Booker a wannan shekarar. Jarumin labarin yaro ne mai suna Azaro, irin yaran da Yarbawa ke kira abiku, Inyamurai ke kira ogbanje, waɗanda aka yi imani ana haifar su su mutu, su sake dawowa cikin uwa ɗaya, su sake tafiya. Iyayenmu mata sun san wannan ciwo, domin a ƙasar Hausa ma muna da wabi. Mun san matar da ta binne 'ya'ya uku, huɗu, har in ta sake haihuwa a kai jaririn juji a nuna ba a damu da shi ba, a raɗa masa Ajuji ko Ayashe, ko uwa ta roƙa a ce Barmani. A yau masu bincike sun danganta da yawa daga irin wannan mace-mace da cutar sikila da sauran cututtukan ƙuruciya, shi ya sa gwajin jini kafin aure da zuwa asibiti a kan lokaci suka zama wajibi. Sai dai likita sunan cutar zai gaya maka. Abin da ke cikin zuciyar uwar da ke tsoron son ɗanta don kada ya tafi, wannan aikin marubuci ne.

Azaro ya yanke shawarar zama a duniya saboda tausayin uwarsa. Abokansa na duniyar iskoki ba su haƙura ba, kullum suna jan sa ya koma. Ubansa ɗan dako ne da ya koma dambe, uwarsa 'yar talla ce, suna zaune a ɗaki ɗaya a unguwar talakawa, ƙasar kuma tana gab da samun 'yancin kai. Yaron yana ganin iskoki sun cika mashayar wata mata mai suna Madam Koto. Yana kuma ganin 'yan jam'iyyar masu kuɗi sun zo da mota suna raba garin madara kyauta, wanda ya sa unguwar duka ta kwana amai. Mai karatu sai ya tsaya ya tambayi kansa, tsakanin iskokin nan da 'yan siyasar nan, wa ya fi cutarwa? Daga nan Okri ya kai mu inda yake so: ƙasar ita ma 'yar wabi ce, ana haifar ta da buri, ta faɗi, a sake haifar ta, kuma ba za ta zauna ba sai ranar da ta ƙudura zama. Duk ɗan Najeriyar da ya ga juyin mulki bayan juyin mulki ya san abin da ake nufi.

Idan muka ɗaga kai arewa, cikin Sahara, akwai Ibrahim al-Koni, Buzu ɗan ƙasar Libiya, wanda aka haifa a 1948, yana rubutu da Larabci. A littafinsa Nazif al-Hajar, wato zubar jinin dutse, wani makiyayi mai suna Asuf yana zaune shi kaɗai a tsaunukan da mutanen dauri suka yi wa zane. Tsakaninsa da ragon dutse akwai alkawari. Sai ga wani maharbi mai suna Ƙabila, wanda ba ya iya kwana bai ci nama ba, ya zo da mota da bindiga bayan ya ƙarar da bareyin sahara, yana neman a nuna masa maɓoyar ragon. Asuf ya ƙi, ya biya da ransa. Al-Koni ya haɗa ƙissar 'ya'yan Annabi Adamu da camfin Buzaye, ya yi mana gargaɗi a kan kwaɗayin da ke ƙarar da namun daji. Dattawanmu da suka san lokacin da barewa da jimina ke yawo a dajin Damargu da Azbin za su gane wannan kuka.

A Nijar kuma, Abdoulaye Mamani ya rubuta Sarraounia da Faransanci a 1980, a kan Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a 1899, rundunar da ta bi garuruwa tana ƙonawa tana kashewa. Takardun Faransawa ba su ba ta wuri mai yawa ba. Bakin jama'a ne ya riƙe ta, da labarin asirinta da tsoron da ta jefa a zukatan sojojin. Mamani ya ɗauki abin da baki ya adana ya tsayar da ita a littafi, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin fina-finan Afirka na Wagadugu a 1987.

(Gajeren kiɗa)

Yanzu sai mu shigo tsakar gida. A 1933 Rupert East na hukumar fassara a Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Cikin littattafai 5 da suka fito daga wannan gasa, biyu na wa da ƙane ne, 'yan Kagara: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara. A Ruwan Bagaja, Alhaji Imam ya bar gida neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, don ya wanke wani liman daga wulaƙancin da aka yi masa a fada. Ya bi garuruwa irin namu, da kasuwa da alƙali da gidan yari, suna ta kafsawa da wani mai suna Malam Zurƙe, kafin ya kai ga ƙasar aljanu ya samo ruwan.

Ganɗoki kuwa, ku lura da ginin sa. Jarumin mayaƙi ne na zamanin da Turawa suka ci ƙasar Hausa da yaƙi. Sunayen sarakuna da garuruwa da gumurzun da aka yi duk na tarihi ne. Da aka ci su, takobi ya kasa da bindiga mai ruwa, sai Ganɗoki ya yi gabas, labarin ya tsallaka ƙasashen aljanu da dodanni, inda shi da ɗansa Garba Gagare suka yi ta samun nasara. Daga bisani ya dawo ya tarar da ƙasa ta sauya, ga mulkin Turawa ya zauna. Ku duba hikimar. Mutumin da aka ƙwace wa fagen fama a zahiri, marubuci ya buɗe masa wani fage inda jaruntakarsa ke da sauran amfani. Wannan littafi ya fito shekara 30 da wani abu kafin na Márquez. Bayansu aka samu Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya ɗauki yaro Bahaushe ya kai shi sararin samaniya.

A wannan zamani, 'ya'yan Najeriya da ke rubutu da Turanci sun kai kayan gidajensu kasuwar duniya. Nnedi Okorafor ta gina Akata Witch na 2011 a kan al'adun kudu maso gabas da tsohon rubutun nsibidi, ta kuma kafa The Shadow Speaker a ƙasar Nijar ta shekarar 2070. Littafinta Who Fears Death ya ci kyautar almara ta duniya a 2011. Tomi Adeyemi ta ɗauko allolin gargajiyar Yarbawa ta gina Children of Blood and Bone a 2018. Namu na arewa, Abubakar Adam Ibrahim, haifaffen Jos, ya taɓo wannan salo a The Whispering Trees na 2012, sannan a When We Were Fireflies na 2023 ya kawo wani mai zane da ya tuna cewa an taɓa kashe shi har sau biyu a rayuwar baya, ya bi da mu ta tashe-tashen hankulan da ƙasar nan ta gani.

To mu da ke rubutu da Hausa fa? Littattafan yaƙi da na matsafa suna da kasuwa, matasa na karanta su a takarda da waya, ana kuma karanta su a gidajen rediyo. Wannan abin farin ciki ne, domin sun riƙe mana masu karatu. Amma sau da yawa za ka tarar birnin na Misra ne ko Farisa, sunan jarumin baƙo, dodon ma daga fim ɗin wata ƙasa aka kwaso shi. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Alhali ga rumbunmu cike: macijin rijiyar Kusugu da Bayajida da Daurama, Barbushe da Tsumburbura a kan Dala, Jangare birnin iskoki da sarkinsa da fadawansa kamar yadda 'yan bori suka siffanta shi, 'yan ruwa da masunta ke ba da labari, 'yan tauri, maharba da asirin dajinsu, tsamiyar da ba a zama ƙarƙashinta da tsakar rana. An ma tattara da yawa a rubuce. Frank Edgar ya buga tatsuniyoyin Hausa mujalladi 3 tsakanin 1911 da 1913. A 1913 Rattray ya fitar da waɗanda Malam Shaihu ya rubuta masa a ƙasar da ake kira Gana a yau. Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya bar mana jerin Tatsuniyoyi da Wasanni. Kayan aiki dai ba su yi mana ƙaranci ba.

Na san akwai mai sauraron da ke cewa a ransa, malam, wannan ba kiran mutane zuwa ga camfi da tsafi ba ne? Tambaya ce mai nauyi, ta cancanci amsa. Musulmi ya yi imani da samuwar aljanu, akwai sura guda a Alƙur'ani mai sunansu, ya kuma san sihiri haramun ne, gaibu na Allah ne shi kaɗai. Ba da labarin abu daban, kira zuwa gare shi daban. Marubuci na kawo ɓarawo a littafi ba don ya koyar da sata ba. Abubakar Imam da Bello Kagara 'ya'yan gidan malanta ne, Bello har ya zama Walin Katsina, ba su kuma ga aibu a sa aljani cikin labari ba. Ma'aunin shi ne inda littafin ya dosa. Idan ya nuna wa matashi cewa boka ne mafitar talauci, ko ya cusa zargin maita a kan tsofaffi da marasa galihu, to ya yi ɓarna, domin mun san an sha dukan bayin Allah har a kashe su a kan irin wannan zargi. Idan kuwa ya yi amfani da dodo ya tona asirin azzalumi, ko da fatalwa ya tuna mana wanda aka zalunta aka manta, to ya yi aikin da tatsuniya ta saba yi tun kaka da kakanni.

Saboda haka ga kirana ga marubutanmu, maza da mata. Kafin ka ɗauko wani abu daga al'ada, je ka tambaya. Zauna da tsohuwar unguwa, da sarkin ruwa, da maharbi, ka ji yadda suke faɗar abin da bakinsu. Sannan ka kafa labarinka a wurin da ka sani, Kurmi ko Kantin Kwari, tashar Maraɗi ko zangon Kumasi, yadda mai karatu zai ji ƙanshin wurin. Ka sa wa abin al'ajabin doka da farashi, domin sihirin da ke warware kowace matsala a banza kashe labari yake yi. Abu mafi muhimmanci, ka tambayi kanka wace gaskiya ce aljaninka ya zo faɗa. Ƙauyukan da 'yan bindiga suka tasa, tafkin Chadi da ya janye ya bar masunta, yaran da ke kwana a tasha, matasan da Sahara ta haɗiye a hanyar Agadas zuwa Libiya, duk waɗannan raunuka ne da lissafin jarida ba ya isar da zafinsu. Suna jiran alƙalamin da zai iya ɗaukar su.

Ku kuma iyaye da malaman makaranta, idan kun ga yaro ya duƙufa a kan irin waɗannan littattafai, kada ku fizge. Ku karɓa ku duba, ku tambaye shi abin da ya fahimta, ku haɗa masa da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Magana Jari Ce. Wanda Allah ya bar masa kaka a gida, ya ɗauki wayarsa ya naɗi tatsuniyoyinta a wannan makon, da izininta, ya adana wa 'ya'yansa. Daga irin wannan muryar manyan marubutan duniya suka fara.

A nan za mu dasa aya. Muna jiran saƙonninku: ku gaya mana wace tatsuniya ko wane tarihihi na garinku kuke ganin ya isa a gina littafi a kansa, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu.  

(Kiɗan rufe shiri)